Wankin Ƙafar Suruki

Shafi na 19

Ke Bana Chomba, da kika ce in ban sako shafin nan yau ba za ki bi ni har rumfa ki zauna min a kan kifi, to ga shi, sai ki bar ni in sha ruwa. Sauran masu zagina a ƙasan rubutu ma na gan ku. Busasshen kifi nake sayarwa a kasuwar Kitwe, jama'a, hannu biyu gare ni kamar kowa.

Sababbin zuwa ku matso in taƙaita muku, ba zan maimaita ba. A yarenmu Bana uwar wane ce, Bashi uban wane, Banakulu kakar wane, Mayo uwa, Ba a gaban suna kuwa girmamawa ce kawai.

Lombe, 'yar unguwarmu, tana hannunmu, mu Matan Ganga. Mijinta Kapambwe, wanda aikinsa a ramin tagulla shi ne hana mutane jin ciwo, shi ne ya dawo gida ya karya mata hannu. Mutumin da ko coci sai ya kai ta ya dawo da ita, abu ɗaya ya sa ya bar ta ta fito: mun ce za a yi masa matebeto. Kun dai san shi, dangin mace su dafa abinci kala-kala su kai wa suruki da ganga da guɗa, don gode masa ya riƙe musu 'ya da kyau. Kuma ba ya yiwuwa sai matar ta je gidansu ta tuƙa tuwon farko da hannunta. An yi wa abokansa kaf, shi ba a yi masa ba, abin yana cin ransa.

Sai dai mugu ba ya rasa dabara. Ya riƙe 'yarsu Mapalo mai shekara biyu, ya kulle ta a ɗaki da uwarsa tana gadi.

Lombe kuwa ta faɗa mana ƙiri-ƙiri, in rana ta faɗi ba Mapalo a bayanta, da ƙafarta za ta koma gidan.

To, Asabar ta yi.

*

Tsakar gidan Bana Katongo ba masaka tsinke. Ita ce tsohuwar da ke koya wa amaren unguwarmu zaman aure, ita ce kuma uwar ƙungiyarmu ta Matan Ganga. Da a biki kawai muke kiɗa. Yanzu duk gidan da aka ji mace tana ihu, a ƙofarsa muke kafa ganga har sai an buɗe.

Kwanuka a jere, kowanne an naɗe shi da sabon zani. Kaza, kifi, ganyen kabewa da gyaɗa, wake, rogo, tuwon masara ya fi kan jariri.

Lombe tana zaune a kan turmi, hannunta na dama cikin farin ɗorin asibiti.

"Bana Sampa, zan bi ku," ta ce min.

"Ba inda za ki."

"Zan rufe fuskata."

"Ko buhu za ki shiga, ba inda za ki. Ya gan ki a gidansa, ya rufe ƙofa, mun koma gidan jiya."

"Mapalo ba ta yarda da baƙo. Kuka za ta yi."

"Ta yi. Ganga goma muke da ita, ko ke kika yi kuka ba mai ji."

Bana Katongo ta dafa kanta. "'Yata, ni na koya miki haƙuri kafin a kai ki. Haƙuri na ce, ban ce ki zama ganga ba. Zauna ki jira mu."

Ta sunkuyar da kai ta ce to. Ni kuwa da wautata na yarda.

Ga shirinmu. Kafin suruki ya ci matebeto sai ya tuɓe kwat an wanke masa hannu. Makullin ɗakin kuwa, Lombe ta ce kullum a aljihun kwat yake. Ni zan karɓi kwat ɗin. Da zarar ya zauna a tabarma kuma al'ada ta ɗaure shi: ba ya tashi, ba ya ɗaga kai, ba ya magana da kowa sai ta bakin wakilinsa, har sai an buɗe kwanon ƙarshe na kaza.

Masu tambayata me ya sa ba mu kai 'yan sanda kawai ba, ai na faɗa muku. In ya ji ƙamshin kaki, kafin a buga ƙofa ya tura yarinyar ƙauyensu. Amma ba mu tafi hannu rabbana ba. Sajan Mwango ta ofishin kula da mata tana cikinmu, ta ɗaura zani, ta ɗauki kwanon wake a ka.

"Sajan," na ce mata a hanya, "rausaya za ki yi, ba fareti muke ba."

"Ai rausayawa nake."

"Wannan? Ko makaho ya ji takunki ya san hukuma ce."

"Bana Sampa, ki kiyaye ni, da ankwa a ƙuguna."

Mata suka kwashe da dariya, ganga ta ɗauka, unguwa ta fito kallo.

*

Tabɗi! Kapambwe ya yi gayya. Rumfa a ƙofar gida, kujeru na haya, abokan aikinsa, dattawan cocinsu, har da shugabansa na wurin aiki da matarsa. Shi kuwa ya sha kwat mai ruwan toka a wannan zafin na Oktoba, baki har kunne, yana gaisawa da hannu biyu kamar mai neman ƙuri'a.

Na rantse muku in kun gan shi sai ku ce ko ƙuda bai taɓa kashewa ba.

Muka tsaya a bakin ƙofa muna waƙa har aka jefa mana tukuici, muka shiga falo da rarrafe kamar yadda aka saba. Aka shimfiɗa tabarma. Ya zauna, ya sunkuyar da kai. Kawunsa Ba Nkweto, wakilin aurensa, ya zauna a gefensa yana gyara murya.

Bana Katongo ta durƙusa ta tafa hannu.

"Ba Nkweto, a roƙa mana surukinmu ya tuɓe kwat, mu wanke hannun da ya riƙe mana 'ya."

Na ji Sajan ta yi tsaki a bayana, na taka mata ƙafa.

Ya tuɓe ba musu. Na karɓa da ladabi, na juya baya kamar mai neman inda zan rataye.

Aljihun dama, alewar tari.

Aljihun hagu, mataji.

Na ciki, hotonsa shi kaɗai yana sanye da hular kwano.

Ba makulli.

Na sake lalubawa har cikin shafin kwat ɗin. Wayam. Na dubi Bana Katongo na girgiza kai. Tsohuwar nan ko gezau, ta ci gaba da murza masa yatsu da sabulu tana waƙa, sai dai na ga idonta yana yawo a jikinsa. Wandon ya matse shi tsam, da da makulli a aljihu da an gani. Wuyansa ba igiya.

Kapambwe yana murmushi ƙasa-ƙasa. Ya san abin da muke nema, ɗan banza. Ya san kuma ba mu samu ba.

"To, hannu ya fita," in ji Bana Katongo. "Saura ƙafa."

Murmushin ya ɗauke kamar an ɗauke wuta.

Ya karkata ya yi wa kawunsa raɗa. Ba Nkweto ya yi tari.

"Ba Mayo, surukinku ya ce a bar ƙafar, ya yafe."

"Ya yafe? Ai ba bashi ba ne. Ƙafar da ta tako har gidanmu neman aure, ita za mu bari da ƙura?"

Wata raɗar.

"Ya ce to a wanke ta hagu kawai."

"Ta daman ta aro ce?"

Falo ya fashe da dariya. Ta cire takalmin hagu, ta zare safa, ta wanke. Ta kai hannu na dama, ya janye ƙafar. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Raɗa ta uku. Wannan karon shi kansa Ba Nkweto sai da ya kalle shi sau biyu kafin ya faɗa.

"Ya ce a bar masa safar... sanyi yake ji."

"Sanyi? A Kitwe? A Oktoba?"

Wani abokinsa daga baya ya ɗaga murya. "Kapambwe, ko yatsa shida gare ka ne? Nuna mana, ba za mu faɗa a wurin aiki ba!"

"Ko safar ce ta huje!" in ji wani.

Shugabansa har da share hawaye. Kapambwe ya yi tsuru-tsuru, gumi yana bin wuyansa. Tashi ba dama, magana ba dama. Ya nannaɗe yatsun ƙafarsa tam.

Bana Katongo ta goyi 'ya'ya tara, ta san maganin wannan. Ta sosa masa tafin ƙafa.

Ya zabura, yatsu suka saki. Ta zare safar da abin da ke cikinta ta tsoma su cikin kumfa, tsulum, ta bi da guɗa. Ganga ta ɗauka kamar za a fasa rufi.

"Bana Sampa," ta ce, "kwashe ruwan surukinmu ki zubar a bayan gida, kada wani ya tsallaka."

Na ɗauki kwanon na durƙusa masa har ƙasa. Kallon da ya yi min ta ƙasan ido, da kallo yana kisa da yau ba ku samu shafi na goma sha tara ba.

"A fara buɗe kwanuka," in ji tsohuwa. "A hankali, 'yan mata. Da haƙori ake kwancewa, ba a gaggawa."

Kwanuka sun fi talatin. Ya zauna ke nan.

*

Ɗakin yana ƙarshen lungu. Na tsamo makullin daga safar. Ba Kapambwe nake tsoro ba a lokacin, wadda ke ciki nake tsoro.

Tsofaffin masu karatu kun tuna Banakulu Mapalo, uwarsa. Ita ce ta watsa mana ruwan wanke-wanke ranar da muka fara kafa ganga a ƙofar gidan, ta ce mu karuwai ne masu raba aure. Har yau ɗankwalina yana warin kifin miyarsu.

Na buɗe.

Tana zaune a bakin gado ta miƙe ƙafa, fuskar nan a murtuke. Mapalo tana kan cinyarta tana cin ayaba.

"Ba Mayo, ina wuni," na ce, muryata kamar ta ɗan akuya.

"Rufe ƙofar."

Na rufe.

"Ke ce mai kifin?"

"Ni ce."

"Wadda na yi wa wanka?"

"Ni ce dai."

"Me ya kawo ki ɗakin ɗana?"

Na tuna Lombe a kan turmi. Sai na ji tsoron ya gudu, masifata ta dawo.

"Yarinya na zo ɗauka, Ba Mayo. Uwarta tana jira da karyayyen hannu. In ihu za ki yi, yi, ba mai ji. In ruwa za ki watsa, ga shi a hannuna, na wankin ƙafar ɗanki ne, mu raba. Amma ba zan fita ɗakin nan ba sai da..."

"Kin makara."

"Na makara?"

"Tun hantsi na yi mata wanka. Har ta gama ayaba ta biyu. Wane irin kiɗa ne kuka tsaya yi a bakin ƙofa kamar an biya ku?"

Sai a lokacin na duba da kyau. Yarinya sanye da rigar coci da takalmi. A gefen gado ga jaka a ɗaure, har da ɗan bargonta a sama.

Na saki baki.

"Rufe bakin, ƙuda zai shiga. Jiya ya zo yana ta zarya, wai matan nan makulli za su nema, a kwat za su duba. Ya ce, Mayo, ina zan ɓoye? Wa kike zato ya ce masa ya sa a safa?"

"Ke?"

"A'a, ke."

"Amma... ba ki san ana wanke ƙafa ba?"

"Ni? An yi wa ubansa matebeto ina tsaye. Shi ne bai sani ba. Duk na abokansa da ya je, yana waje wurin giya, sai an buɗe kaza yake shigowa."

Dariya ta taso min, na toshe baki da safar, na tuna ta wane ne, na yar.

"To ruwan da kika watsa mana fa?"

"Da ban watsa muku ba, zai yarda ya kulle ni da yarinya? Sai ya ɗauko ƙanwarsa, waccan mai baƙin cikin. Ki yi haƙuri da ɗankwalinki."

Ta sauke Mapalo ta goge mata baki da gefen zani. Da ta sake magana muryarta ta sauka.

"Ina ɗakin nan ranar da ya karya mata hannu. Na ji ƙarar ƙashin. Na san irin ƙarar."

Ta juya min kunnenta na hagu. "Wannan tun Kapambwe yana rarrafe ba ya ji. Ubansa ne. Na yi shiru, aka yi ta yabona, wai mace tagari. Har dangina suka dafa masa matebeto, ni na tuƙa tuwon, da kumburin ido. Yaron yana ƙarƙashin tebur yana kallo duk shekarun nan. Ga abin da shiruna ya haifa min can a falo, ƙafa ba safa."

Hawaye ya zubo min, ba zan ɓoye muku ba.

"Kuka kika zo yi ko aiki? Ɗora min ita."

Na ɗora mata Mapalo a baya, ta ɗaure da zani, ta ja kulli kamar mai shekara ashirin. Na ɗauki jaka.

"Ta ƙofar baya, Ba Mayo. Akwai mota tana jira a bayan katanga."

"Ta baya?"

"Eh, da sauri, kafin su kai kaza."

"Sata muka yi?"

"A'a, amma..."

"Sau uku ina gudu daga gidan ubansa ta ƙofar baya, sau uku ana dawo da ni ta nan, ba wanda ya san na fita balle ya tambayi dalili. Jikata ta ƙofar gaba za ta fita, kowa yana gani."

"Ba Mayo, don Allah, za ki ɓata mana shiri!"

"Shirin wa? Ni na ba ku makulli."

Ta miƙa hannu bayan ƙofa ta zaro wani abu daga ƙusa. Faffaɗan bel ɗin aikinsa, mai kan ƙarfe. Ta naɗe shi a hannu ta wuce ni.

Jama'a, kun taɓa ƙoƙarin tare tsohuwar da ta yanke shawara? Gara ku tare motar yashi.

*

Mun shigo falo daidai Bana Katongo ta sa haƙori a kullin kwanon ƙarshe. Ta ɗago ta gan mu, ta ga yarinya, ta ga ta inda muka fito. Ta kalle ni kamar ta ce, me na aike ki? Na nuna mata tsohuwa da baki.

Baƙi suka fara tafi, sun zaci kaka ce ta fito taya ɗanta murna. Matar shugaban har da guɗa.

Banakulu Mapalo ta tako har bakin tabarma. Akwai farantin da suruki ke jefa tukuici in an buɗe kowane kwano. Ta saki bel ɗin a ciki.

Ƙwal!

Ganguna suka mutu ɗaya bayan ɗaya.

"Bana Katongo," ta ce, "rufe kazarki. Matebeto na wanda ya riƙe 'yar mutane da kyau ne. Wannan da abin da ke farantin nan ya riƙe ta."

Bana Katongo ta saki kullin.

Ba Nkweto ya yi ta maza. "Haba yaya, a gaban baƙi..."

"Kai ma ka yi min shiru, Nkweto. Kai ka mayar da ni ɗakin ubansa a karo na biyu, a kan kekenka."

Ba Nkweto ya koma ya zauna, ya sami abin kallo a silin.

Kapambwe ya ɗaga kai. Ya manta al'ada, ya manta shugabansa.

"Mayo, ajiye min 'yata."

"Suruki ba ya magana," in ji Bana Katongo. "Ba a buɗe kaza ba."

"Mayo, tsufa ne yake damunki. Jama'a, ku yi haƙuri, ba ta da lafiya. Matata a banɗaki ta zame, kowa ya sani, ɗan targaɗe ne kawai. Mayo, na ce ki ajiye ta!"

Ya miƙe tsaye a kan tabarmar, ƙafa ba takalmi, jijiyar wuyansa ta fito raɗa-raɗa. Na ga Sajan Mwango ta ture kwanon wake gefe, ta kai hannu ƙugu.

Sai Mapalo ta leƙo ta kafaɗar kakarta, ta miƙa hannu wajen masu ganga, ta ƙwala kira.

"Mayo! Mayo!"

Kowa ya waiga.

A layin baya akwai wata da ta ja ɗankwali har hanci, ta yafa zani a kafaɗa. Tun a hanya na lura tana buga ƙaramar ganga da hannun hagu, kiɗan duk a karkace, har na ce a raina wace ce wannan mara kunne.

Ta zame ɗankwalin. Ta saki zanin ya faɗi.

Farin ɗorin nan tun daga yatsu har gwiwar hannu, a gaban shugabansa, a gaban dattawan coci.

Lombe! Yarinyar da na bari a kan turmi ta ce min to!

Lomben da tun da na san ta ban taɓa jin muryarta ta wuce raɗa ba, ta ratso mata ta tsaya tsakanin mijinta da 'yarta. Wannan karon ba ta sunkuyar da kai ba.

Kapambwe ya ɗaga ƙafa ɗaya daga tabarma.

Ta sunkuya ta ɗauki bel ɗin daga faranti da hannun hagu, ta miƙa masa.

"Ungo, Bashi Mapalo. Kullum sai ka rufe ƙofa. Yau a buɗe take."